Rimot a Cikin Gwangwani

Ranar da aka yi gayyar yankan shinkafar Alhaji Abdullahi a fadamar Balan, sabon injin ban-ruwa ya ɓace daga cikin mota a kulle. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle ƙofa ba. Kafin a kira magariba gari ya gama yanke hukunci, don mutanen Balan in dai kan ɗan talaka ne ba sa ɓata lokaci.

Motar a-kori-kura ce ta zamani mai ƙofa huɗu, irin wadda ba a zura wa makulli. Wani ɗan rimot gare ta kamar kwalin ashana. In yana kusa, ka taɓa hannun ƙofa ta buɗe, ka danna maɓalli ta tashi. Biyu ta zo da su, ɗaya ya faɗa ruwan fadama bara ya mutu. Tun daga nan direban, Saifuddeen, ya samo dabara. In za a shiga ruwa sai ya zare ɗan siririn makullin ƙarfen da ke cikin rimot ɗin, ya jefa rimot a wani tsohon gwangwanin alawa, ya rufe murfin gam. In yana cikin ƙarfe a rufe, mota ba ta jin sa. Sai a bar gwangwanin a aljihun ƙofar mai zaman banza, wato fasinjan gaba, ya kulle motar da makullin ƙarfe, ya rataya shi a wuya da zare kamar laya.

Dabarar da aka yi ta yabonsa a kanta, ita aka juyo aka rataye shi da ita.

A zauren mai unguwa aka tsugunar da shi, 'yan sintiri na tsaye a kansa. Uwarsa Barira ta iso da ƙullun tuwo a hannu, ko wankewa ba ta tsaya yi ba. Tana shiga ta ji Baffa, yayan Alhaji Abdullahi, yana magana. Dattijo ne mai farin gemu, shi ake ba tabarma a kowane taro.

"Me za a tsaya nema?" in ji Baffa. "Rimot na cikin gwangwani a rufe. Makulli ɗaya ne a duniya ke buɗe motar nan. Ga ɓarawo nan da shi a wuya."

Kalmar ta shiga kunnen Barira ta zauna. Ta kalli autanta, shi kuwa kansa na ƙasa kamar an ɗora masa dutse. Ba ta yi kuka ba. Tun rasuwar uban 'ya'yanta ta daina kuka a gaban maza, ta ga ba ya sayo komai.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa mai unguwa, "wa ya ga Auta ɗauke da inji?"

"Ba wanda ya gan shi, Barira, amma..."

"To ba wanda ya gani, an dai ji daɗin baki. Ni ban yi boko ba, ban san rimot ba, amma na san abin da na haifa. A bar motar nan inda take, kada wanda ya matsar da ita. Zan kawo mai ido."

Mai unguwa ya karɓe makullin daga wuyan Saifuddeen, ya ce ya ba ta zuwa la'asar ɗin gobe. In ba wani sabon abu, za a miƙa yaron ga 'yan sanda a Gaya.

*

Da sassafe ta hau acaɓa zuwa Toranke, wajen Kabo mai bin sawu. Duk wanda aka taɓa kore wa shanu tsakanin Gaya da Ajingi ya san sunan. Ta yi zaton za ta ga ƙato. Sai ta tarar da wani ɗan siririn mutum yana ba tumaki harawa, rigarsa duk faci. Da ta yi sallama bai dubi fuskarta ba, ƙafafunta ya duba.

"Iya, kin fito ba shiri," ya ce. "Takalman ba na mutum ɗaya ba ne."

Ta duba. Ɗaya nata, ɗaya na Auta.

Ta zayyane masa komai a tsaye, ta ƙi zama. Ya saurara bai katse ta ba.

"Gaskiya zan faɗa miki," ya ce. "Ni sawun ƙafa na sani, da na kofato. Wannan abu na rimot ban taɓa riƙe shi ba."

"Rimot ɗin ne ya saɓi inji a kafaɗa ya tafi? Ƙafa ce ta tafi da shi, Malam Kabo."

Ya yi ɗan murmushi. "Haka ne. Amma ki sani, in sawu ya kai ni kan ɗanki, zan faɗa."

"In ya kai ka kansa, ni zan riƙe maka shi."

Ya ɗaure tumakinsa, ya ɗauki hula.

*

Motar na nan gindin tsamiya, inda hanya ta ƙare, da ɗan nisa daga fadamar. Ɓangaren direba an tattake shi kamar an ci kasuwa, don nan kowa ya taru jiya yana leƙen ramin makulli. Kabo ko tsayawa bai yi a nan ba. Ya cire takalmansa ya zagaya ɗaya ɓangaren, inda motar ta matse da jikin tsamiyar, ya durƙusa.

Barira ba ta taɓa ganin mutum na kallon ƙasa haka ba. Bai taɓa komai ba. Ya karkata kai ya duba ta inda rana ke haskowa, ya matsa ya sake dubawa ta inda inuwa take, ya hura wani busasshen ganye ya kau da shi a hankali kamar mai yaye wa jariri mayafi. Har haƙurinta ya ƙare.

"Malam, rana fa tafiya take."

"Zo ki gani, amma ki taka inda na taka." Ya nuna mata wani zagaye a ƙasa. "Gindin roba ne. Mai abinci ta sauke kaya a nan da rana. Ga silifas ya taka kan zagayen, ke nan bayan ta tafi ya zo. Da zai zo, takunsa sakayau. Da zai koma, duba yadda diddige ya nutse, taku ya gajarce. Ya ɗauki abu mai nauyi, kuma nauyin ya fi ƙarfinsa."

"Silifas ɗin wa?"

"Irin wanda rabin garin nan ke sawa. Ya hau kan burji, sawun ya mutu a can." Ya miƙe ya shafa ƙofar mai zaman banza da bayan hannu. "Iya, ina ramin makulli a ƙofar nan?"

Ta duba sama da ƙasa. Babu.

"Mai makulli a wuya me zai kawo shi ƙofar da ba ta da rami?"

Fuskar Barira ta washe. Ta juya za ta tafi zauren mai unguwa, ya tsayar da ita.

"Tukuna. Za su ce ya buɗe ta can ya zagayo. Kada mu kai musu rabin magana."

*

Mai abincin Hanne ce, suka same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ita kam ba sai an tambaye ta ba.

"Ni dai ban ce ga wanda ya ɗauka ba, Yaya Barira, kada a ce na ce. Amma da na sauke shinkafa da wake a gindin tsamiya, Muhammad Bashir na wajen. Ya ɗaga waya sama yana ta zagaya motar. Yaran nan na makaranta an ce da waya suke buɗe komai yanzu."

Muhammad Bashir ɗan Alhaji ne, yana karatu a Kano, hutu ya zo. Barira ta ɗaura gyale a ƙugu tun kafin su isa ƙofar gidan.

"Kai ne ka sa aka kwana da ɗana a zaure kamar akuyar da ta ci gonar wani?"

"Inna, wallahi sabis nake nema," in ji saurayin. "Duk fadamar nan gindin tsamiyar kaɗai waya ke kamawa."

Kabo ya dubi ƙafafunsa, manya, cikin kambas. Ya dubi silifas ɗinsa da ke bakin ƙofa, ya girgiza kai. "Ba shi ba ne, Iya. Wannan in ya taka wajen da sai ya rufe zagayen robar gaba ɗaya." Sai ya zauna a dakali ya naɗe ƙafa kamar mai ɗaukar karatu. "Ɗan samari, koya mini. Ta yaya ƙofar da ba ta da rami za ta buɗe, rimot na ciki?"

Muhammad Bashir ya saki jiki. Ya ce abin kamar kira da amsawa ne: in ka taɓa hannun ƙofa, mota ta yi kira, in rimot ya amsa sai ta buɗe. Gwangwani a rufe na toshe masa kunne.

"In murfin bai zauna daidai ba fa?"

"In akwai 'yar kafa, kuma yana jikin ƙofar, zai iya amsawa. Shi ya sa Saifuddeen ke danna murfin har sai ya yi ƙara."

"Amma an tarar da shi a rufe, motar kuma a kulle."

"Wannan ba wuya, Baba. In ka gama, ka rufe gwangwanin, ka danna makullin ciki, ka turo ƙofa."

Kabo ya sa ya maimaita masa har ya zauna masa a kai, sannan ya yi masa godiya kamar wanda aka ba kyauta. Barira ta kwance gyalenta. Ba ta ba yaron haƙuri ba, amma ta ce ya gaida uwarsa.

*

Mai unguwa ya yarda aka fito da Saifuddeen zuwa gindin tsamiya, ya buɗe motar da kansa ta ƙofar direba. Kabo ya miƙa hannu ya ɗauko gwangwanin. Ya buɗe, ya zazzage rimot ɗin a tafin mai unguwa, ya juya bakin gwangwanin ga rana. Ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya kankaro wani abu, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Sannan ya mayar da murfin ya dubi Saifuddeen.

"Samari, kana cin goro?"

"A'a, Baba. Yana sa ni jiri."

"Jiya da safe wa ya rufe gwangwanin nan?"

"Ni."

"Wa ya sa shi a aljihun ƙofa?"

Saifuddeen ya sunkuyar da kai.

"Auta, da kai ake," in ji Barira.

"Inna, ki bari."

"In bar me? Za a kai ka Gaya a ɗaure kana ce mini in bari? Buɗe baki kafin in buɗe maka shi."

Yaron ya kau da kai. Kabo ya ɗaga mata hannu.

"Ƙyale shi, Iya, ya amsa. Daga kujerar direba zuwa aljihun can, sai ka haye cinyar wanda ke zaune a gaba. In sa'ansa ne zai haye. In babba ne ba zai haye ba, miƙa masa zai yi da hannu biyu. Kuma ba zai kama sunansa a gaban mutane ba. Ke kika yi masa wannan tarbiyyar."

Barira ta dubi autanta, ta sauke murya.

Kabo ya sa takalmansa. Ya ce wa mai unguwa a tara duk wanda ke wajen jiya, nan gindin tsamiya bayan azahar. Shi zai ɗan taka ya duba lambunan da ke bayan burji.

*

Aka taru. Alhaji Abdullahi ya zo da fuska a murtuke. Aka shimfiɗa wa Baffa tabarma a inuwa, ya zauna ya ciro goro daga aljihu. Hanne ta laɓe bayan mata. Kabo ya dawo da laka a gefen wandonsa, ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa gaban Baffa.

"Baffa, a san mini goro."

Dattijon ya ɓantaro ya ba shi. Kabo bai ci ba. Ya jefa rimot a gwangwani, ya danna murfin har ya yi ƙara, ya sa a aljihun ƙofar, aka kulle motar da makullin ƙarfe.

"Alhaji, taɓa ƙofar nan."

Alhaji ya ja hannun ƙofar mai zaman banza. Ko motsi.

Aka sake buɗewa. Wannan karon Kabo ya gutsuri ɗan goro kamar ƙwayar dawa, ya maƙala a bakin gwangwanin, ya ɗora murfin a kai. Ya ɗaga wa jama'a. In ba ka ƙura ido ba, ka rantse a rufe yake. Aka mayar, aka kulle.

"Iya Barira, ke taɓa."

Ta goge hannu a zani ta kama hannun ƙofar. Motar ta yi 'yar ƙara, ƙofa ta biyo ta. Ta tsaya riƙe da ita, ba makulli a wuyanta, ba boko a kanta.

"Haka aka yi jiya," in ji Kabo, muryarsa ƙasa ƙasa. "Yaro ya rufe gwangwani ya miƙa wa wanda ke gaba. Kafin ya zagayo, an ɗaga murfin an sa goro. Bayan an ci abinci kowa ya koma ruwa, aka dawo aka taɓa ƙofa. An cire goron daga baya, amma ya bar jansa a bakin gwangwani, ga shi nan kowa ya gani. Alhaji, wa ya zauna a gaba jiya?"

Alhaji ya juya a hankali ya dubi yayansa.

"Masu cin goro nawa ne a garin nan?" in ji Baffa. Bakinsa ya tsaya da tauna.

"Da yawa, Baffa. Shi ya sa na je lambu. Injinka na can a kwance, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, an ce ya kwana biyu da mutuwa. Amma irin albasarka ya sha ruwa yau da safe har ya ƙoshi. Tarin karan da ke gefen rijiya kuma warin fetur yake. Ban taɓa ba. Na bar wa mai shi ya ɗauko da kansa."

Baffa ya dubi goron da ke hannunsa. Da ya yi magana, da ƙaninsa ya yi.

"Albasar ƙonewa take, Abdullahi. Aro na yi. Da na shayar zan mayar, sai ka riga ni dubawa."

"Yaya, da ka tambaya ai..."

"In tambaye ka? Ni na goya ka."

Mai unguwa ya yi gyaran murya. Ya ce alhamdulillahi, kaya bai fita gida ba, magana ce ta 'yan'uwa, a tashi a ƙarasa ta a cikin gida. Mutane suka fara kaɗe riguna.

"Ba inda za a tashi," in ji Barira.

Ta saki ƙofar motar ta tako tsakiyar fili.

"Inji naku ne, ku je ku cinye shi. Aro ko sata, wannan tsakaninku. Ni kalma ɗaya na zo karɓa. Jiya a gaban garin nan aka kira ɗana ɓarawo, ba a cikin gida ba. Yaron nan ya san wanda ya miƙa wa gwangwani. Ya kwana a zaure sauro na cinsa, ya ƙi kama sunanka don kunya. Kai kuwa ka kalli tsabar idonsa ka kira shi abin da ka kira shi. Bakin da ya faɗa, shi zai janye, kuma a gaban waɗanda suka ji."

"Barira, a duba girmansa," wani ya ce daga baya.

"An duba jiya. Auta ya duba, ga inda ya kai shi."

Ta kwance bakin zaninta. Akwai goro guda da ta ƙulla tun safe don ta ba Kabo. Ta ajiye shi a tabarmar Baffa.

"Ci ka jiƙa maƙogwaro. Ina so na bayan can su ji."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya daɗe yana kallon goron. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ba wanda ya taimaka masa.

"Saifuddeen ba ɓarawo ba ne," ya ce. "Ni na ɗauka. Na zalunce shi."

Saifuddeen ya zame zai durƙusa, yana cewa ba komai Baffa. Uwarsa ta damƙi wuyan rigarsa ta tsayar da shi.

"Tsaya da ƙafarka. Yau kai ake ba haƙuri."

Da ta waiga neman Kabo, har ya kai bakin burji, yana tafe kansa a ƙasa kamar yadda ya zo. Bai tsaya a yi masa godiya ba. Ta ƙwala masa kira ta ce goronsa fa ta bayar. Ya ɗago hannu bai juyo ba, ya ce tumakinsa ba su sha ruwa ba.

Alhaji Abdullahi ya karɓi makullin daga hannun mai unguwa ya miƙo wa Saifuddeen, ya kasa haɗa ido da shi. Yaron ya dubi uwarsa. Ta karɓa ta rataya masa a wuya da kanta, ta ja zaren ta ga ya ƙullu.

"Dabararka ba ta da laifi," ta ce. "Amma daga yau kai za ka rufe, kai za ka ajiye. Ko liman ne zaune a gaba, ka ce masa gafara, ka haye cinyarsa."